Yadda Ake Gane Cututtukan Fata da Aka Fi Fama da Su, da Yadda Ake Maganinsu

Abin da yawancin mutane suke yi idan wani abu ya feso musu a fata shi ne su nufi kemis mafi kusa, su naɗe hannun riga su nuna wa mai shago, shi kuma ya miƙo musu ɗan kwalin man shafawa irin wanda aka haɗa magunguna uku a cikinsa. Ɗaya na kashe fangas ne, ɗaya na kashe bakteriya, na ukun kuma sitiroyid ne mai ƙarfi, wanda za a ga an rubuta sunansa da ƙananan haruffa a gefen kwalin, ko dai betamethasone ko clobetasol. Wannan na ukun shi ne yake sa mutum ya yaba wa man, domin cikin kwana biyu ƙaiƙayi yakan lafa, jan wurin ya dushe. Sai dai yana yin haka ne ta hanyar kwantar da garkuwar fatar, saboda haka idan fangas ne ya kama wurin, an buɗe masa ƙofa ke nan ya bazu a ɓoye.

Na ga wannan da idona a jikin wani ɗan yayata mai shekara tara. Abin ya fara masa a gefen wuya, ɗan zagaye kamar girman kwabo, mai tudu a baki-baki, tsakiyarsa kuma fes. Bayan wata biyu ana shafa masa irin wannan mai, ana dainawa idan ya lafa, ana komawa idan ya taso, sai zagayen ya ɓace gaba ɗaya, aka wayi gari da wani faffaɗan tabo marar iyaka daga ƙarƙashin kunne har kafaɗa, fatar wurin ta yi haske ta yi sulɓi. Ma'aikacin lafiyar da ya duba shi bai tambayi komai ba kafin ya ce a kawo masa kwalin man da ake shafawa.

Saboda haka aikin farko shi ne gane abin da ya fito, kuma tambayoyi uku suna rage rabin wahalar. A wane sashe na jiki yake? Yana ƙaiƙayi, kuma da wane lokaci ƙaiƙayin ya fi tsanani? Akwai wani a gidan da yake da irinsa? A duba wurin da hasken rana, ba da tocilan ko ƙwan lantarki ba, kuma kafin a shafa mai, domin maiƙo yana ɓoye ɓawon da yake taimakawa wajen ganewa.

Ƙyasbi, da abubuwa biyu masu kama da shi

Ƙyasbi yakan fito a ƙirji, da baya, da kafaɗu, da wuya, wani lokaci har fuska, a matsayin ɗigo-ɗigo masu haske ko masu duhu fiye da sauran fata, waɗanda suke haɗewa su zama kamar taswira. Idan aka ɗan kankara wurin da farce, za a ga wani gari-gari mai laushi ya tashi. Fangas ɗin da yake haddasa shi yana zaune a fatar kowane baligi, zafi da gumi da maiƙo ne kawai suke sa ya yi yawa, shi ya sa ya fi addabar matasa da bazara da damina. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba a cika ɗaukarsa daga wani ba, don haka babu dalilin ƙyamar mai shi.

Hanya mafi sauƙi ta magance shi ita ce sabulun ruwa na wanke gashi mai ɗauke da ketoconazole kashi 2 cikin ɗari. A jiƙa jiki, a shafa shi daga wuya har ƙugu da hannuwa, ba a kan tabon kaɗai ba, a bar kumfar ta yi minti biyar zuwa goma, sannan a ɗauraye, a yi haka kullum na kwana biyar. Idan wurin ɗan kaɗan ne, man clotrimazole zalla, safe da yamma na mako biyu zuwa uku, ya wadatar. Inda mutane suke ruɗewa shi ne, bayan fangas ɗin ya mutu launin fata ba ya dawowa nan take, yakan ɗauki watanni. Alamar warkewa ita ce a kankara a ga garin nan ya daina tashi. Wanda yake yawan dawo masa kuwa, ya riƙa yin wankan nan sau ɗaya ko biyu a wata idan zafi ya shigo.

Akwai tabo mai haske da bai kamata a ɗauke shi ƙyasbi ba. Idan tabon ba ya ƙaiƙayi, ba ya gari, ba ya gumi, a sa mutum ya rufe ido, a taɓa wurin da ɗan silin auduga, sannan a taɓa lafiyayyar fatar da ke kusa. In ya ji a lafiyayyar bai ji a tabon ba, to a tafi asibiti a duba kuturta ba tare da jinkiri ba. Ana warkewa daga ita sarai da haɗin magunguna na wata 6 ko wata 12, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa kyauta tun 1995, kuma jinkiri ne yake kai mutum ga rasa yatsu. Albaras kuwa fari ne tas kamar madara, yakan fi fitowa a leɓe, da kewayen ido, da yatsu. Ƙwayoyin da suke samar da launi ne suka daina aiki a wurin, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba shi da wata alaƙa da kuturta.

Makero

Makeron jiki shi ne zagayen da aka kwatanta a sama, mai ƙaiƙayi, wanda yake faɗaɗa ta baki-baki. Maganinsa man clotrimazole ko miconazole ne zalla, wanda ba a gauraya da sitiroyid ba, sau biyu a rana na mako biyu zuwa huɗu, ko terbinafine na mako ɗaya zuwa biyu. A riƙa zarce bakin zagayen da kamar faɗin yatsa ɗaya, kuma a ci gaba da shafawa mako guda bayan ya ɓace. Wanda yake fitowa a matsematsi ko tsakanin yatsun ƙafa ɗan gidansu ne, maganinsu ɗaya, sai dai a ƙara da tsane wurin sosai bayan wanka da alwala.

Makeron kai, wanda ya fi kama yara 'yan firamare da almajirai, hukuncinsa daban ne, kuma a nan ne iyaye suka fi asarar kuɗi. Fangas ɗin yana shiga cikin silin gashi har saiwarsa, inda man shafawa ba ya kaiwa, saboda haka dole sai da maganin sha. Wanda aka fi bayarwa shi ne griseofulvin na mako shida zuwa takwas, gwargwadon nauyin yaro, wanda ma'aikacin lafiya ne zai auna ya ƙayyade, kuma ana shan sa ne tare da abinci mai maiƙo ko madara domin jiki ya fi karɓarsa. Mai ciki ba ta shan sa. Idan kan yaron ya kumbura ya yi taushi yana fitar da ruwa kamar maruru, kada a kai shi a tsaga, domin sau da yawa makeron ne ya yi tsanani, kuma jinkirin magani yakan bar sanƙon da gashi ba zai sake tsirowa ba. A ware masa matajinsa, da hularsa, da matashinsa, a duba kawunan sauran yaran gidan, kuma in da hali a saya masa injin askinsa. Abubuwan da wasu suke gogawa, irin su man birki, da ruwan batir, da dakakkiyar tafarnuwa, ƙuna kawai suke yi wa fata, su bar tabo a kan cutar da ba su kashe ba.

Ƙazuwa

Idan ƙaiƙayi ya hana mutum barci da dare, kuma mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna susa, to da wuya a ce ba ƙazuwa ba ce. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce da ido ba ya iya gani sosai take haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai. Ƙurajen sukan fito tsakanin yatsun hannu, da wuyan hannu, da gwiwar hannu, da hamata, da kewayen cibiya, da ɗuwawu, da al'aura. Ga jarirai kuwa har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su a 2017, kuma ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 200 suna ɗauke da ita a kowane lokaci.

Abin da ya sa take gagarar gidaje shi ne, wanda ya kamu da ita karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara susa, alhali yana yaɗa ta. Idan aka yi wa mai susa magani shi kaɗai, wanda bai fara ba zai mayar masa da ita. Don haka ƙa'idar ita ce kowa da kowa a gidan, ko a ɗakin kwanan makaranta, a yi musu magani a dare ɗaya, da mai ƙaiƙayi da marar ƙaiƙayi.

Man permethrin kashi 5 cikin ɗari shi ne aka fi so. A yanke farce, a yi wanka, a bari jiki ya bushe ya huce, sannan a shafa daga wuya har tafin ƙafa ba tare da an tsallake ko'ina ba, har ƙarƙashin farce, da cibiya, da tsakanin yatsu, da duk wani lungu. Ga ƙananan yara da tsofaffi a haɗa da kai da bayan kunne, a kauce wa ido da baki. A bar shi awa takwas zuwa goma sha biyu, kuma duk wanda ya wanke hannu ko ya yi alwala a tsakani ya sake shafawa a inda ruwa ya taɓa. Bayan kwana bakwai a maimaita, domin a kashe waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Inda ba a sami wannan ba, akwai farin ruwan nan na benzyl benzoate, wanda ya fi araha amma yana da raɗaɗi, ana barinsa awa 24, kuma ana sirka shi ga yara bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu da mace mai ciki, a kai su asibiti a zaɓa musu abin da ya dace.

Washegari a wanke tufafi da zannuwan gado da tawul da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda na mako guda, domin halittar ba ta wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ta rabu da jikin mutum. Ƙaiƙayi yakan ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan an kashe ta, wannan ba ya nufin maganin bai yi ba. Abin lura shi ne ƙurajen da suka yi ruwa ko mugunya saboda susa, musamman ga yara, domin bakteriyar da take shiga ta nan tana iya taɓa ƙoda. Yaron da fuskarsa ta kumbura ko fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan irin waɗannan gyambuna, asibiti za a kai shi a ranar.

Ƙurajen fuska da tabon da suke bari

Ƙurajen balaga suna fitowa ne idan maiƙo da matacciyar fata suka toshe ƙofofin gashi. Ga mai baƙar fata, ƙurjin shi kansa yakan tafi cikin mako guda, amma baƙin tabon da ya bari yakan yi wata shida ko fiye, kuma wannan tabon ne yake tura 'yan mata da yawa ga man bilicin. Saboda haka hana sabon ƙurji fitowa, da barin matsa wanda ya fito, shi ne babban maganin tabo.

A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi, da tafin hannu, ba da soso ba. A nisanta man gashi mai kauri da basilin daga goshi, domin ƙananan ƙurajen da suke jeruwa a bakin gashi yawanci daga nan suke. Daga cikin magungunan da aka tabbatar da amfaninsu akwai benzoyl peroxide, wanda ya kamata a fara da mai sauƙi, kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, a kuma sani cewa yana cin launin tufafi da rigar matashi. Akwai adapalene da ake shafawa da dare, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, a fara da sau biyu ko uku a mako har fata ta saba. Mai ciki da mai neman ciki su guje shi. Akwai kuma azelaic acid, wanda yake rage ƙuraje da tabo a lokaci guda. Kowannensu yana bukatar mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a yanke masa hukunci, kuma mafi yawan waɗanda suke cewa magani bai yi musu ba a mako na biyu suka ajiye shi. Manyan ƙuraje masu zurfi da zafi, waɗanda suke barin rami, aikin likitan fata ne. Haka nan macen da ƙurajenta suka haɗu da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa.

Maza masu fama da ƙurajen aski a haɓa da ƙeya su daina aske gashi ƙwal da reza, su riƙa rage shi da inji a bar ɗan tsawo, domin murɗaɗɗen gashi ne yake lanƙwasowa ya soki fata. Na ƙeya idan aka yi sakaci da su sukan haɗe su zama tudun tabo mai tauri.

Ga wadda ta riga ta fara bilicin

Wa'azi a kan wannan ya yi yawa, abin da ya yi ƙaranci shi ne bayanin yadda ake fita. Mayukan sauya launi, har da haɗin da ake sayarwa a robobi marasa suna ana cewa na gargajiya ne zalla, galibi suna dogara ne da ɗaya daga abubuwa uku. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa mai faɗi wadda ba ta gogewa, da ƙuraje, da makero mai taurin kai, da rauni mai jinkirin haɗewa bayan tiyata, kuma idan ya daɗe yana ratsawa cikin jini yana iya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Hydroquinone idan aka daɗe ana shafa shi yakan juye ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, wanda yake da wuyar magani ƙwarai. Zaiba kuwa, wato sinadarin mercury, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan tayi da jariri mai shan nono. Ita ce yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Minamata ta 2013 ta sa wa takunkumi a kayan kwalliya. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta hana kayan kwalliya masu hydroquinone a 2016, a Nijeriya kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Man da yake ɗauke da zaiba ko hydroquinone ana ajiye shi ne nan take. Mai sitiroyid kuwa, idan an yi watanni ana shafe jiki duka da shi, yanke shi rana ɗaya yana iya jawo raɗaɗi da ja da fesowar ƙuraje, har ma da kasala da jiri, saboda jiki ya rage samar da nasa sinadarin. Abin da ya dace shi ne a je wurin likita da robar man a hannu, a faɗi gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana shafawa, domin a tsara yadda za a janye shi sannu a hankali. A wannan tsakanin a tsaya ga sabulu marar ƙarfi da mai marar ƙamshi, a dakatar da dilka da halawa da duk wani gurza har fatar ta yi ƙwari, a riƙa shafa man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama da haka kowace safiya, a kuma yi amfani da lema ko inuwa. Ya kamata a sani tun farko cewa fatar za ta yi duhu, wataƙila fiye da yadda take a da, na wasu watanni kafin ta daidaita, domin a wannan gaɓar ce yawanci ake karaya a koma.

Ba kowane duhu ne yake bukatar man haske ba. Baƙin da yake kwanciya a bayan wuya da hamata, mai kauri da laushi kamar karan-miski, wanda uwa takan sa soso ta dirje tana zaton dauɗa ce, sau da yawa alama ce ta ƙiba da kusantar ciwon sukari, gwajin jini yake nema. Duhun da yake fitowa a kumatun mai ciki kuma yakan ragu da kansa bayan haihuwa idan aka kiyaye rana. Baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana iya tayar da ƙuna da kumburi a kan zanen kansa, kuma wadda ya taɓa yi wa haka ta guje shi da rinin gashi baki ɗaya.

Bushewar hunturu ba ta bukatar dogon bayani. A rage zafin ruwan wanka da tsawonsa, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki yana da danshi, kafin a fito iska. Mai faso ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ya goge kaushin a hankali da dutse, ya shafa mai ya sa safa ya kwana. Mai ciwon sukari kada ya kusanci ƙafarsa da reza. Yaro mai kirci a lanƙwasar gwiwa da hannu shi ma mai ne babban abin da yake bukata, sau da yawa a rana, kuma shi ne ɗaya daga waɗanda sitiroyid mai sauƙi yake yi wa amfani na 'yan kwanaki idan likita ya rubuta.

Akwai alamomin da ba a zama da su a gida. Ƙurajen da suka feso a jiki duka bayan fara shan wani sabon magani, tare da zazzaɓi, da jan ido, da gyambo a baki ko saɓulewar fata, a dakatar da maganin a tafi asibiti a wannan sa'ar. Zagayayyen baƙin tabo da yake dawowa wuri ɗaya, a leɓe ko al'aura, duk lokacin da aka sha wani magani, musamman dangin salfa, jiki ne yake nuna bai karɓi maganin ba, a rubuta sunansa a riƙa faɗa wa duk likitan da aka je wurinsa. Gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, da baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce wanda yake girma ko yake sauya kama, da duk wani ƙurji mai ɓawo da ya ƙi tafiya a jikin zabiya, suna bukatar a duba su saboda sankarar fata. Ranar da za a je, kada a shafa komai a wurin, a ɗauki hoton yadda abin yake tun farko idan akwai shi a waya, a kuma zuba duk kwalaye da robobin da aka yi amfani da su a leda ɗaya a tafi da su.